Tsakuwar matsarmama ba ta narkewa da jiƙe-jiƙe

Jama'a, abin nan ya fara isata. Mace za ta zo da ciwo a saman cikinta ɓangaren dama, yana sukarta har kafaɗa, musamman in ta ci soye-soye ko nama mai maiƙo. A yi mata sikanin a ga tsakuwa a matsarmama, likita ya ce ta dawo a zauna. Shi ke nan, ta ɓace. Sai daga baya a kawo ta ranga-ranga, ido ya yi rawaya, ga zazzaɓi, ga amai. Ina kika shiga, Hajiya? Wai tana gida tana shan jiƙon da aka ce yana narkar da tsakuwa.

Haba don Allah!

Tsakuwar nan fa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta kitse, wadda aka fi samu a mata masu jiki da waɗanda suka hayayyafa. Akwai ƙanana baƙaƙe da fashewar ƙwayoyin jini ke kawowa, irin ta masu sikila, har yara 'yan makaranta muna gani da ita. Sikanin yana nuna mana girmanta da yawanta, da ko matsarmamar ta kumbura. Amma wace iri ce, sau da yawa na'urar kanta ba ta tantancewa sosai. To mai maganin da ke bakin kasuwa da lasifika, shi a ina ya gani?

Ko ƙwayar asibiti mai narkarwa, ƙananan tsakuwar kitse kaɗai take iya wa, kuma sai an sha ta wata 6 har zuwa shekara 2. Baƙar nan ko gezau.

Masu kwankwaɗar man zaitun da lemun tsami kuma, ku saurara. Korayen dunƙulen da kuke gani a bayan gida kuna murna wai tsakuwa ce ta fita, man ne ya daskare a hanji. In an sake sikanin, tsakuwarku na nan daram. Man ma matse matsarmama yake yi, yana iya tura tsakuwa ta toshe hanyar ruwan matsarmama.

Na san tsoron tiyata ne, da kuɗin da babu. Wallahi ina tausaya muku. Amma ba kowace tsakuwa ake yi wa aiki ba, wadda ba ta ciwo sau tari barin ta ake yi. In ma an cire matsarmamar, mutum na rayuwarsa lafiya lau. Ku dai daina shaye-shayen nan.

A taƙaice:
- Ranar sikanin kada a ci komai awa 6 zuwa 8 kafin a zo.
- A kai wa likita takardar sakamakon, a daina ajiye ta ƙarƙashin katifa.
- A rage maiƙo.
- Rawayan ido, fitsari ja kamar shayi, zazzaɓi, ko ciwon da ya yi awanni bai lafa ba: a taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.