In An Miƙa Maka Lasifika: Tambayoyi da Amsoshi kan Riƙe Hankalin Masu Sauraro

Da zarar watan Zulƙida ya kama, ɗalibanmu na Madina da Makka sukan tsinci kansu tsaye a gaban jama'a ba shiri. Wani an ce ya yi wa alhazai bita a masauki, wani munaƙashar digirinsa, wato kare kundin bincikensa a gaban malamai, ta matso, wani kuma a wurin aiki a Jidda aka ce ya gabatar da rahoto. Na ɗan jima ina yin bitar alhazai, shi ya sa ƙannenmu sukan tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi maimaita mini.

Na san karatun sarai, amma da na fara sai mutane su kama gyangyaɗi. Ina matsalar take?

Sau da yawa sanin karatun ne ma yake kayar da mutum. Bitar da na fara yi, a ɗakin cin abinci na wani otal ne a Misfala, bayan La'asar. Na zo da takardu shafi tara. Na shiga saɓanin malamai kan jifa, na kawo maganar Malikiyya, na kawo ta Hanabila, na rinjayar da wadda na rinjayar. Na kwashe kusan minti arba'in, ina jin kaina kamar a aji. Da na ce ko akwai tambaya, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu daga baya, ta ce, "Ɗana, Allah ya ƙara ilimi. To ni yanzu duwatsu nawa zan tsinta?"

Gumi ya karyo mini. Amsar ba ta fi numfashi ɗaya ba: 49 in za ta bar Minna ranar 12 ga wata, 70 in za ta kai ranar 13. Abin da ta zo ji ke nan, shi ne kuma ban faɗa ba.

Tun daga ranar, kafin in rubuta komai sai na tambayi kaina: in mutumin nan ya fita ƙofa, wani ya tare shi ya ce me malamin ya ce, wace magana nake so ya maimaita? In na kasa faɗinta a jimla ɗaya, ban shirya ba. Sauran abin da zan faɗa duk yi wa wannan jimla hidima yake, wanda bai yi mata hidima ba kuwa a bar shi a littafi, komai daɗinsa. Abin da ya fi zafi a shirya jawabi shi ne zubar da abin da ka sha wahalar haddacewa.

Minti nawa ya kamata in yi?

Ƙasa da abin da aka ba ka. In an ce minti talatin, shirya na ashirin.

Wannan ba sabon abu ba ne. Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa Annabi (SAW) ya ce tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ce abin da ya hana shi shi ne ba ya son ya gundure su, kamar yadda Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokaci don gudun kada su ƙosa. In sahabbai ana tsoron su ƙosa, ina ga alhajin da ya kwana a jirgi? Masu shirya taron TED, inda masana ke gabatar da gajerun jawabai, ma ƙa'idarsu ita ce kada mai magana ya wuce minti 18.

A nan ƙasar kuma agogo biyu ne ke kanka. Na farko salla: alhaji yana son sahu a Harami, da ya ga Magariba ta doso, ƙafarsa ta riga ta fara laluben takalmi. Na biyu zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Wanda ya yini a irin wannan rana ba ya da sauran ƙarfin bin doguwar muƙaddima.

Yaya zan buɗe magana?

Yi sallama, yi hamdala da salati, ka gaida manya a dunƙule. Jera sunayen shugabanni ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu yana cinye mintocin da hankalin mutane ya fi kasancewa tare da kai. Kada kuma ka fara da ban haƙuri, irin su "ban shirya ba" ko "ni ba kowa ba ne". Tawali'u daban, sanar da mutane cewa za ka ɓata musu lokaci daban.

Dubi yadda aka yi a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira. Annabi (SAW) ya ce wa sahabinsa Jarir ya sa mutane su yi shiru tukuna, wato ba a zuba magana a kan hayaniya. A huɗubar ranar layya kuma tambaya ya yi: wace rana ce wannan? Suka ce Allah da Manzonsa ne mafi sani. Sahabi Abu Bakra, mai ruwayar, ya ce sai Annabi (SAW) ya yi shiru, har suka zaci zai canja mata suna. Haka ya yi a kan watan, haka a kan garin. Sai da kowa ya miƙa wuya yana jira, sannan ya faɗi haramcin jini da dukiya da mutunci. Tambaya, shiru, sannan saƙo. Mu kuwa shirun daƙiƙa uku tsoro yake ba mu, sai mu cike shi da "ya'ani, ya'ani".

A jami'a da wurin aiki ana son PowerPoint. Yaya zan yi da majigi?

Kada ka juya wa mutane ƙeya kana karanta abin da ke kan allo. Idonsu ya fi bakinka sauri. Kafin ka kai layi na biyu sun gama shafin, sun koma waya. Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Apple, yana da ƙa'idar da ya kira 10/20/30: shafi 10, minti 20, rubutu kada ya gaza girman lamba 30. Don masu neman jari ya tsara ta, ba kuma wahayi ba ce, amma ta ukun tana da amfani ƙwarai, domin in ka ƙara girman rubutu dole ka rage surutu. In za ka haɗa Larabci da boko a shafi ɗaya, gwada shi a kwamfutar da za a haska da ita tun kafin ranar, don haruffan Larabci sukan wargaje ko su juya in an canja na'ura.

A tantin Minna kuwa babu majigi, kuma ban taɓa jin rashinsa ba. Nakan zo da tsakuwa a aljihu, in ɗora ta a tafin hannu kusa da ƙwayar wake, in zagaya da ita. Daga nan ba wanda zai ƙara ɗaukar dutse kamar zai jefi kura. Nakan kira wani saurayi ya tsaya, in ɗaura masa harami a gaban kowa, in nuna yadda ake fito da kafaɗar dama a ɗawafin isowa, da yadda ake mayar da mayafin a rufe ta kafin salla. Gani ya kori ji. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba da labarin yadda Annabi (SAW) ya zana murabba'i, ya ja layi ya fito waje da shi, ya ce ga mutum, ga ajalinsa ya kewaye shi, ga burinsa can ya wuce. Zanen nan har yau yara ma suna gane shi.

Larabci ya fi zuwa bakina. Laifi ne in riƙa haɗawa?

Ya danganta da wanda ke gabanka. In 'yan uwanmu haifaffun Makka ne, mutanen Shara Mansur da kewaye, Hausarsu da ma a cakuɗe take da Larabci, ba abin da zai ɓace musu. Amma wanda ya sauka jiya daga Gumel ko Maraɗi, in ka ce masa "bayan tahallulil awwal mahzurat sun faɗi illa nisa'i", zai ce "na'am, Malam" don ladabi, ya tashi ba abin da ya ɗauka. Ka ce masa: in ka yi jifa ka yi aski, sa rigarka, shafa turarenka, amma kada ka kusanci iyali sai ka yi ɗawafi. Kalmomin da ya riga ya sani, jifa, hadaya, tsayuwar Arfa, Safa da Marwa, riƙe su yadda yake faɗinsu. Huɗubar Arfa ta Masallacin Namira ma ana fassara ta zuwa harsuna da yawa, har da Hausa. In hukuma ta ga wajabcin haka, kai da kake Bahaushe ba ka da uzuri.

Rage gudu kuma. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana magana yadda in mai ƙirga ya so ƙirga kalmominsa zai iya, Anas kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Lamba, rana da sunan wuri, waɗannan su ake maimaitawa.

Jikina rawa yake, murya ta shaƙe. Akwai magani?

Akwai, amma ba ya kashe tsoron, rage shi yake. Annabi Musa (AS) da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Addu'ar tana Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28. Karanta ta. Sannan haddace jimlolinka uku na farko kamar Fatiha, don a nan ne ƙafa ta fi rawa. Yi jawabin da ƙarfi a ɗaki, a tsaye, ka ɗauka a waya ka saurara. Ba daɗi, amma a nan za ka ji "ya'ani" ɗinka guda nawa ne. Ajiye ruwa kusa, wanda ba mai sanyi ƙarara ba.

An ce mana a wata bita kashi 7 cikin ɗari kawai na saƙo ke cikin kalmomi, sauran murya ce da motsin jiki. Haka ne?

A'a. Lambobin sun fito ne daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian a Amurka a 1967, kuma abin da ya auna shi ne yadda ake gane so ko ƙi in kalma guda ta saɓa wa murya ko fuska. Shi kansa ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa su kan kowace magana. Da haka ne, da alhajinmu ya fahimci kashi 93 na huɗubar Larabci ba tafinta. Fuska da murya suna da aikinsu: kalli mutane ɓangare-ɓangare, kada ka kafe ido a kan shugaban taro, kada ka yi ta kaɗa takarda. Amma abin faɗa shi ne gaba.

In aka yi mini tambayar da ban san amsarta ba fa?

Ka ce ba ka sani ba, za ka bincika. Imamu Malik, wanda ya karantar a garin nan na Madina har ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya shahara da yawan faɗin "ban sani ba", bai kuma rage masa daraja ba. A aikin Hajji amsar ƙirƙira tana iya ja wa bawan Allah yanka, ko ta ɓata masa ibadar da ya yi shekaru yana tara wa kuɗi. A munaƙasha ma haka: malamin da ya tambaye ka ya san amsar, kame-kame ba ya ɓoyuwa gare shi. Rubuta gyaran, ka yi godiya.

Maimaita tambayar da ƙarfi kafin ka amsa, domin na baya ba su ji ta ba, kai ma ka sami numfashin tunani. Akwai kuma mai tambayar da wa'azinsa ya zo yi. Irin wannan ba a yanke shi da gatsali, musamman in ya girme ka. Jira ya ja numfashi, ka ce, "Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji. In na fahimta, tambayar ita ce kaza," ka tsamo masa ita, ka amsa, ka wuce.

Mata suna bayan labule ko a tantinsu, ba na ganin fuskokinsu. Ta yaya zan san suna tare da ni?

Wannan ita ce ta fi wuya, domin labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi babu fuskar. Abin da ke faruwa kuwa, mai magana yakan manta da su gaba ɗaya, misalansa duk na maza, harami da aski, alhali mas'alolin da suka fi rikitarwa a Hajji nasu ne. Tun zamanin Annabi (SAW) mata suka yi wannan ƙorafi, suka ce maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, ya kuwa ware.

In da malama a tawagar, a bar mata zaman, ya fi. In babu, tura wani ya tsaya a ɓangarensu kafin ka fara, ya tabbatar lasifikar tana kai wa. Ambace su da baki: "Iyayenmu mata, wannan naku ne, ku ba a aske muku, gwargwadon gaɓar yatsa ake ragewa a gashi." Yi musu tambayar da za su amsa da murya ɗaya, kamar duwatsu nawa ake jifa ranar Salla, in ka ji "bakwai" ta taso daga bayan labule, suna nan. Sannan raba ƙananan takardu da biro tun farko, a sami mai rubuta wa waɗanda ba sa rubutu, kada a sa suna. Ranar da na fara yin haka, tambaya biyu maza suka yi da baki. Daga bayan labule kuwa wata yarinya ta miƙo mini leda cike da takardu, kusan rabinsu a kan abu ɗaya: matar da al'ada ta zo mata kafin ɗawafin ifada, ga ranar jirgi ta matso. Ba ya cikin abin da na shirya. Na ninke takarduna na sa a aljihu, muka yi sauran zaman a kansa.