Asfirin ba ya narkar da gudan jini

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ciwon zuciya ya taso farat ɗaya, asfirin zai narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya. Ba haka ba ne. Aikinsa hana ƙwayoyin jini mannewa da juna, kada gudan ya ƙara girma.

Narkarwar da jiki ke yi da kansa daga siririn shimfiɗin cikin jijiya take farawa. Shi ke sakin sinadarin tPA, wanda ke tayar da wani sinadarin cikin jini mai suna plasmin ya yayyanka zaren gudan. Taba, ciwon suga da hawan jini kuwa suna raunana shimfiɗin, sai narkarwar ma ta yi rauni. Shi ya sa a asibiti ake yin allurar streptokinase, maganin da ke narkar da gudan jini, cikin awa 12 na farko, ko a zura bututu a buɗe jijiyar, tun naman zuciya bai mutu ba.