Kama da kyarkeci ba ya sa Husky ya iya gadi

Mutane da yawa na ganin karen Husky, da idanunsa masu ban tsoro, sai su ce an samu mai gadi. Ina! Mutanen Chukchi na Saberiya, a ƙasar Rasha, sun yi kiwonsa ne don jan kaya a kan ƙanƙara. Baƙo ma sai ya yi masa wasa da wutsiya, kuma bai cika haushi ba. Gashinsa ninki biyu ne, ga shi kare da haki yake rage zafin jiki. To yaya zai yi da ranar Afrilu a Kano, mai haura digiri 40? Kullum yana buƙatar gudu, in ka kulle shi ya haƙe tsakar gida. Karen Azawak na Abzinawa kuwa ɗan Sahel ne, ya saba da zafi, kuma ba ya sakewa da baƙo.