Albashi da ayyukan yi a birnin Kano

Birnin Kano shi ne babbar cibiyar kasuwanci da masana'antu ta Arewacin Najeriya, kuma nan ne mutanen karkarar jihar da na jihohin maƙwabta, har da na Jamhuriyar Nijar, suke kwararowa neman abin yi. Birnin da kewayensa sun ƙunshi ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum kusan miliyan 9.4.

Kalmar albashi a bakin Bakano tana nufin kuɗin da ake biya a ƙarshen wata, kuma masu karɓarsa tsiraru ne. Yawancin masu aiki a birnin da wasu sunaye suke kiran abin da ke shiga aljihunsu. Lebura kuɗin yini yake karɓa, birkila da kafinta jinga suke yi, dillali la'ada yake ci, ɗan kamasho yana da kamashonsa, yaron shago kuwa sai abin da maigida ya ba shi. Wanda ya auna tattalin arzikin Kano da ma'aunin albashin wata kaɗai, ɗan yanki ya auna ya bar sauran.

Asali

Sana'a ta daɗe a Kano kafin aikin albashi ya zo. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma karofin Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. A wancan tsari sana'a gado ce. Yaro yana koyon jima ko ƙira ko dukanci a gidansu, yana ci yana sha a nan, ba a yanka masa wani abu a wata. Akwai kuma aikin bayi a gandaye, wanda bai gushe ba sai sannu a hankali bayan zuwan Turawa a 1903.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya. Daga nan aka sami dubban 'yan dako da leburori masu lodi da saukewa, waɗanda da kawunansu aka tayar da dalar gyaɗa, da kuma akawu da 'yan awo da ke yi wa kamfanonin Turawa da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata aiki. Hukumar En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta zamanin Turawa, ta ɗauki malamai, dogarai da ma'aikatan asibiti. Su ne 'yan albashin farko.

Bayan samun 'yancin kai masana'antu suka bazu, daga Bompai zuwa Sharaɗa da Challawa, daga baya Tokarawa: masaƙu, majemu na zamani, kamfanonin man gyaɗa, alewa, robobi, kwanuka da sabulu. Masanin zamantakewa Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan masana'antun Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa da yawansu 'yan karkara ne kuma tsofaffin almajirai, gardawan da suka bar allo suka kama aikin inji. Shekarun nan ne na ƙarin albashin Udoji, wanda kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawararsa a 1974, kuma har yau tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin kekuna da rediyoyi da baburan da aka saya da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne yadda farashin kaya ya bi kuɗin a guje.

Mafi ƙarancin albashi

Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa ta fara ne a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da naira 125 a wata. Ya koma 250 a 1991, sai 5,500 a 2000, sai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024. A ƙarshen shekarar ne gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da 71,000 ga ma'aikatan jihar Kano.

A ido adadin hawa yake yi, a kasuwa kuwa labarin dabam ne. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, kuma a cikin shekarar an yi lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ta tsada. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta sun tura hauhawar farashi sama da kashi 34 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ma'aikacin da ke zaune a Rijiyar Zaki ko Mariri yana aiki a sakatariyar Audu Baƙo, kuɗin mota kaɗai kan cinye masa kaso mai tsoka.

Wani abin lura shi ne dokar ba ta hau kan kowa ba. Ta 2019 ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko jinga, da masu aikin da ke bin yanayi kamar na gona. Waɗannan kuwa su ne akasarin ma'aikatan Kano.

Aikin gwamnati

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ne mafi girman masu biyan albashin wata a birnin, kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ne suka fi yawa a cikinsu. Ma'aikatan tarayya, irin na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tsarin albashinsu dabam ne, galibi ya ɗara na jiha, abin da ke sa ƙwararrun likitoci da malaman jinya barin asibitocin jiha idan sun sami hanya, wasu ma su wuce Saudiyya ko Ingila.

Darajar aikin gwamnati ba a yawan kuɗin take ba, a tabbas take. Mai shago zai ba ma'aikaci bashin kayan masarufi saboda ya san wata zai yi, ga kuma fatan fansho da garatuti, ko da yake bashin haƙƙoƙin 'yan fansho ya taru wa jihar tsawon shekaru. Da wuya ka ga ƙaramin ma'aikacin da ya tsaya ga albashi kawai. Wani yana noma a garinsu, wani yana da shagon da ƙaninsa ke tsare masa, wani yana jan adaidaita bayan an tashi. Malaman makarantun kuɗi ƙanana da na Islamiyya suna cikin waɗanda suka fi shan wuya, domin da yawansu abin da ake ba su bai ko kusanci mafi ƙarancin albashi ba.

Masana'antu

Koma-bayan masana'antun Kano ya soma ne da matsin tattalin arziki na farkon shekarun 1980, ya tsananta da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da faɗuwar naira ta sa kayan gyaran inji da ɗanyen kaya na waje suka gagari kamfanoni. Rashin wutar lantarki da kwararowar atamfa da yadi masu araha daga Sin suka ƙarasa masaƙu. Wanda ya zaga Sharaɗa ko Bompai a yau zai ga tsofaffin masana'antu da yawa sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, wanda ya ninka na da fiye da sau uku, kuma masu masana'antu sun koka ƙwarai.

Duk da haka ba a ce komai ya mutu ba. Kamfanonin robobi da ledoji da tabarmi, na lemo da ruwan leda, na man girki, da majemun da ke sarrafa fata don fitarwa waje suna nan suna aiki. Injinan casar shinkafa sun ƙaru sosai bayan 2015, musamman da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Sai dai salon ɗaukar aiki ya canza. Maimakon ma'aikacin dindindin mai takardar kama aiki da ƙungiyar ƙwadago a bayansa, yanzu an fi ɗaukar na wucin-gadi ta hannun 'yan kwangila, ana biyansa a yini ko a mako, ranar da inji bai tashi ba kuma babu ko sisi.

Kasuwa da yaran shago

Nan ne zuciyar al'amarin. Kantin Kwari ta yadi da atamfa, Singa ta kayan masarufi, Dawanau ta hatsi, Sabon Gari, Ƙofar Wambai, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na gyaran mota, 'Yan Kaba ta kayan miya, Farm Centre ta wayoyi, Wapa ta canji: kowace tana ɗauke da jama'ar da babu sunansu a kowane kundin albashi.

Tsarin yaron shago ya ginu ne a kan amana da dangantaka. Uba ko yaya ne ke kai yaro wurin maigida, sau da yawa ɗan'uwa ko ɗan unguwa. Ba a rubuta komai. Kullum ana ba shi kuɗin abinci da na mota, da salla a yi masa ɗinki, in ya tashi aure maigida ya ɗauki wani nauyi, in iyayensa ba su da lafiya a taimaka. Babban abin da yake jira shi ne ranar da za a sallame shi, wato a ba shi jari ko a buɗe masa shago, ko a tsaya masa ya riƙa karɓar kaya bashi daga manyan diloli. Manyan 'yan kasuwar Kwari da Singa da dama ta wannan hanya suka taso. Aibin tsarin a fili yake: tunda babu wa'adi babu shaida, komai ya rataya ne a kan halin maigida. Wani shekara biyar ya tsayar da yaronsa da ƙafafunsa, wani kuwa sai yaro ya yi furfura a bakin kanta, ko a rabu da shi a kan zargin da ba a tabbatar ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da shago ba su da maigida, suna tare baƙon da ya sauka daga mota su kai shi inda kaya suke, su ɗora 'yar ribarsu a kai. Ƙasa da su akwai 'yan dako da masu baro, waɗanda ake biya a kan kowane buhu ko dila. A Dawanau aikin yana bin kaka: in amfanin gona ya shigo, lodi ba dare ba rana, kuma mata da yawa suna samun na cefane wajen tsince riɗi da zoɓo kafin a fitar da su waje.

Sufuri da gini

An hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Dubban 'yan acaɓa suka koma babur mai ƙafa uku, wato adaidaita, wanda ya samo sunansa daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Yawancin direbobin ba su ne masu abin hawan ba. Ko dai su kai wa mai shi balas, wato kuɗin da aka yanka musu, kullum, ko su riƙa biya a hankali har ya zama nasu, a kan farashin da ya fi na kasuwa nesa. Sai an cire balas da kuɗin mai da harajin hukuma sannan direba ya san nasa. Yajin aikin da suka yi a 2021 da 2022 a kan haraji da rajista ya nuna yawan mutanen da suka dogara da su, domin gari tsayawa ya yi.

A gini, birkila da kafinta da mai fenti da mai tayil sun fi lebura samu nesa ba kusa ba, amma dukansu tsadar siminti da rodi kan zaunar da su makonni.

'Yan ci-rani da aikin mata

Idan aka gama girbi, samari daga ƙauyukan Kano, Jigawa, Katsina da Nijar sukan shigo birni ci-rani: ga-ruwa, yankan farce, wankin takalmi, gadi, tallan rake, leburanci. Da saukar damina sai su koma gona, shi ya sa lebura ke wuyar samu a birni daidai lokacin shuka da noman farko. Noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam, wanda ruwan madatsar Tiga ke ciyarwa tun shekarun 1970, yana riƙe wasu a gida da ƙwadagon dashen shinkafa da tsinkar tumatir.

Aikin mata shi ne wanda lissafi ya fi mantawa da shi, saboda a cikin gida ake yinsa: ƙosai da waina da ɗanwake na sayarwa, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, kitso, lalle, turaren wuta, dillancin kayan ɗaki. A da yara ne ke fitar da kayan talla, yanzu WhatsApp da Instagram sun ɗauke wani ɓangare na wannan aiki. Ribar takan shiga adashi, daga nan ta zama kayan ɗakin 'ya. 'Yan aikin gida, waɗanda akasari 'yan mata ne ƙanana da ake kawowa daga ƙauye ta hannun dillalai, suna cikin mafi ƙarancin samu a birnin, kuma sau da yawa kuɗin ma ba hannunsu yake zuwa ba.

Alƙaluman rashin aikin yi

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Na farkon 2023 kuwa ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka samu ba, ma'aunin aka sauya: a sabon tsari, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Rahoton ya kuma nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar ba a tsarin hukuma suke ba. A wannan ma'auni, mai digirin da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS a bakin titin Zoo Road mai aiki ne, haka ma wanda ya yi dakon buhu biyu a Singa ranar Litinin bai sake samun wani ba har Juma'a.