Ruwan farkon damina ne ke kwashe gonarka

Salamu alaikum manoma, musamman ku na gefen kogin Kano da Chalawa har zuwa Haɗeja, dan Allah kafin a fara sharar gona ku saurara.

Da yawanmu mun ɗauka yawan ruwan shekara ne ke kawo zaizayar ƙasa, to masu lissafin abin nan a kwamfuta ba can suke dubawa ba. Akwai tsarin lissafin zaizayar ƙasa da suke aiki da shi, ana ce masa RUSLE, asalinsa daga Amurka ne, wasu masana biyu, Wischmeier da Smith, suka fitar da na farkonsa a 1965, abin da yake aunawa shi ne ƙarfin da ɗigon ruwa ke dukan ƙasa da kuma ruwan da ya zuba a minti 30 mafi tsanani, sai a haɗa da irin ƙasar da gangaren wurin da ko ƙasar a rufe take ko a tsirara, a fitar da taswirar inda ɓarna za ta fi yawa. Yayyafin wuni guda bai kai ruwan rabin awa mai kamar da bakin ƙwarya ɓarna ba.

Kuma yaushe irin wannan ruwan ke samun ƙasa tsirara? Farkon damina, an kwashe kara an ƙone saura. Ka leƙa gonarka washegari za ka ga tsakuwa zaune kan 'yar ƙasa kamar an ɗora ta, gefenta duk ya tafi, ruwan kwari ya yi jawur, wallahi takinka ne wannan. Ƙarshen wannan ƙasar da ta tafi can dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ko hanyoyin ruwan Haɗeja zuwa Nguru inda laka da kachala suka toshe wa masunta da masu noman rani.

Ruwa da gangare ba a hannunmu suke ba amma rufin ƙasa namu ne. A bar kara a gona, na san na dabbobi ne na girki ne, ko rabi a bari. Huɗa a yi ta a gicciye kar ta bi gangare, a dasa layin jema ko gamba. Mutanen Tawa a Nijar da ramukan tassa, wato ƙananan ramuka masu tara ruwa da taki da ake shuka a ciki, suka farfaɗo da fako. Wanda kwazazzabo ya fara ci wa gona ya nemi malamin gona tun ana iya tsallake shi.