Riga-kafi da galahanga: tambayoyin da iyaye ke yi a Legas

Daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, saƙon murya iri ɗaya ke yawo a WhatsApp: wai allurar riga-kafi ce ke sa yaro ya daina magana, ya daina kula mutane, ya kamu da galahanga, larurar da likitoci ke kira otizim. Ga tambayoyin da aka fi ji a layin awo da zauren suna.

Daga ina maganar ta samo asali?

Daga Ingila. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya fitar da rahoto a mujallar likitoci ta Lancet kan yara 12 kacal, yana nuna cewa allurar MMR, mai kariya daga ƙyanda da hangum da rubela (ƙyandar Jamus), na da alaƙa da galahanga. Daga baya ɗan jarida Brian Deer ya tono cewa an murɗa bayanan yaran, kuma likitan na karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai kamfanonin allurar kotu. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma ƙwace wa Wakefield lasisin aikin likita.

Abin ban mamaki, MMR ɗin da aka yi rigimar a kanta ba ta ma cikin jadawalin riga-kafin da ake yi kyauta a asibitocin gwamnatin Najeriya. Asibitocin kuɗi ne ke yin ta. Wato tsoron ma aro muka yi.

To an sake bincike, ko dai rufe bakinsa kawai aka yi?

An sake, kuma ba sau ɗaya ba. A Denmak an bi diddigin yara fiye da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa MMR ba su fi waɗanda ba a yi wa ba samun galahanga. Japan ta dakatar da MMR a 1993, amma a birnin Yokohama adadin masu larurar ya ci gaba da hawa. Da aka koma zargin wani sinadarin adana allura mai suna timerosal, Amurka ta cire shi daga alluran yara wajen 2001, adadin bai sauka ba. In ka cire abin da kake zargi kuma matsalar ba ta ragu ba, sai ka nemi mai laifi a wani wuri.

Amma ɗana lafiyarsa ƙalau, sai bayan allura ya daina cewa "Mama". Ƙarya nake yi?

A'a, Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen ɗora laifin. Ana yi wa jariri allurai a ranar haihuwa, da sati 6, 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Alamomin galahanga kuwa sun fi fitowa fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, lokacin da ake sa ran yaro ya fara magana da nuni da yatsa. Wasu yaran ma sukan fara furta kalmomi kaɗan, sannan su ɓace musu. Duk lokacin da hakan ta faru, da wuya a rasa wata allura da aka yi a 'yan watannin baya.

Mun san irin wannan a gida. Yaro ya fara gudawa, sai kaka ta ce haƙori ne. Alhali lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, yaro na tura duk abin da ya tsinta a baki. Lokaci ne ya haɗa su.

Masu bincike sun kalli bidiyon yara masu galahanga da iyaye suka ɗauka tun yaran ba su shekara ba, suka tarar alamun na nan tun kafin kowa ya lura: ba haɗa ido sosai, ba waiwaye in an kira suna.

Me ya sa abin ya yi yawa yanzu? A da ba mu san shi ba.

Alƙaluman da ake yawo da su na Amurka ne: yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, ya koma 1 cikin 36 a 2020. Babban dalili shi ne ma'aunin ya canza. Lokacin da wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar a 1943, yara 11 ya rubuta a kansu, kuma an daɗe ana ƙirga masu tsananin hali kaɗai. A 1994 aka faɗaɗa ma'anar, aka shigar da masu magana sarai da ke shan wahalar cuɗanya da mutane. Ga kuma tantancewa da ake yi wa yara tun suna ƙanana.

Batun "a da babu" kuwa, akwai. Suna dai muke ba su daban: wawa, miskili, mai shafar aljanu, ko wanda aka yi wa sammu. Wanda ya baro ƙauye ya zauna a Legas, inda malamar makarantar rainon yara za ta kira shi ta ce a kai yaron asibiti, dole ya ga kamar sabon abu ne ya ɓullo.

To me ke kawo ta?

Kaso mafi girma gado ne, wato ƙwayoyin halitta, kuma abin na farawa tun ƙwaƙwalwa na ginuwa a ciki. Haihuwar bakwaini, tsufan iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet lokacin goyon ciki na ƙara yiwuwarta. Haka ma kamuwar mai ciki da rubela, cutar da riga-kafi ke hanawa. Ba tarbiyya ba ce, kuma jin Hausa a gida da Yarbanci a layi da Turanci a makaranta ba ya jawo ta.

Bayan abin da ya faru a Kano, ta yaya za mu yarda?

Tambaya ce mai tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye. Amma Trovan magani ne da ake gwadawa, ba riga-kafi ba. Mun kuma ga sakamakon ƙauracewa: da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano da Legas, kuma yaran da ba su kammala allurai ba ne suka fi jin jiki. A gidan haya mai ɗakuna goma da banɗaki ɗaya, ƙyanda ba ta tsayawa a ɗaki guda.

Idan ina zargin ɗana na da ita, ina zan nufa?

In ya shekara ba ya amsa sunansa, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa kuma ba kalma ko ɗaya, ko ya rasa maganar da ya iya, kada a tsaya jiran "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba". A fara da gwajin ji, domin kurumta na kama da ita. Daga nan a nemi takardar tura wa likitan yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ma yana da sashen yara a Oshodi. Babu maganin da ke kawar da ita, don haka a yi hattara da masu sayar da sassaƙe da alƙawarin warkewa cikin sati. Abin da ke taimakawa shi ne horon magana da na mu'amala tun da wuri. A tafi da katin riga-kafinsa, a kuma ci gaba da cike shi.