Zin, Mujallar da Mai Ita Ke Haɗawa da Hannunsa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bikin Portland

Tun shekarar 2001 ake gudanar da wani taro a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, mai suna Portland Zine Symposium. Marubuta da masu zane kan jera tebura a babban zaure, kowa ya baza 'yan ƙananan mujallun da ya rubuta, ya buga, ya ɗinke da kansa, jama'a kuma su shigo kyauta suna zagayawa. Irin waɗannan mujallu su ake kira zin.

Wai mece ce zin, kuma me ya raba ta da mujallar da muka sani?

'Yar ƙasida ce da mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan ke wallafawa ba tare da kamfanin ɗab'i ba. Babu edita, babu mai talla, babu lambar rajistar littafi. Mai ita shi ne marubuci, shi ne mai tsara shafi, shi ne mai biyan kuɗin fotokofi, shi ne kuma ɗan tallarta. Yawanci ba a buga kwafi da yawa: wani ya yi 30, wani 100, kaɗan ne ke kaiwa 1,000.

Abin da ke ciki ba shi da iyaka. Akwai masu ba da labarin rayuwarsu, masu barkwanci da zane, masu siyasa, masu koyar da gyaran keke ko girki ko shuka a bayan gida. Wani kuma zai cika shafi 24 da tarihin layin bas ɗin unguwarsu. Gara a faɗa tun da wuri, tunda babu mai tacewa, akwai waɗanda abin da ke cikinsu bai dace da tarbiyyarmu ba. Mai karatu shi ke zaɓar abin da zai ɗauka.

Daga ina abin ya samo asali?

Masu bin tarihinta sukan fara daga 1930, lokacin da wata ƙungiyar masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a Chicago ta fitar da The Comet. Waɗannan mutane sun warwatsu a garuruwa, ba su da abokan hira a kusa, sai suka riƙa buga 'yan takardu suna aika wa juna ta gidan waya.

Abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne injin fotokofi. Kamfanin Xerox ya fito da injinsa samfurin 914 a 1959, kafin a jima ofisoshi sun cika da irinsa. A Yulin 1976 wani matashi ma'aikacin banki a Landan, Mark Perry, ya haɗa Sniffin' Glue a kan kiɗan punk, wani salon kiɗan matasa masu bijirewa, da tafireta da alƙalamin maka, ya fara da kwafi 50. Ba ta wuce shekara guda da 'yan watanni ba ya dakatar da ita, amma ta riga ta nuna wa matasa cewa ba sai sun jira kowa ba. A 1982 Mike Gunderloy ya kafa Factsheet Five a Amurka, wadda aikinta kawai shi ne yin sharhi kan sauran zin da ba da adireshin masu su. Mutum ya ga wadda ta burge shi, sai ya sa dala ɗaya ko biyu a ambulan ya aika. Farkon shekarun 1990 kuma 'yan mata na yunƙurin riot grrrl a garin Olympia na jihar Washington suka ɗauki wannan hanya don yin magana kan cin zarafi da wariyar da suke fuskanta.

Me ya sa Portland ta yi suna a wannan harka?

Saboda kafin bikin ya zo, an riga an share masa fage. Chloe Eudaly ta buɗe shagon Reading Frenzy a 1994, inda aka riƙa sayar da ƙananan wallafe-wallafe. A 1998 ita da Rebecca Gilbert suka kafa cibiyar masu wallafa da kansu, wato IPRC, wurin da mutum zai yi rajista ya yi amfani da injin fotokofi, injin yanka takarda da tsohon injin ɗab'i na jera haruffa da hannu, ga kuma ɗakin karatu na zin. Kamfanin Microcosm na Joe Biel, wanda ya faro a 1996 yana rarraba zin, shi ma ya koma garin. Wata mazauniyar garin mai suna Alex Wrekk ta fitar da Stolen Sharpie Revolution a 2002, ɗan littafin da ke koyar da yadda ake haɗa zin, ita ce kuma ta assasa ware watan Yuli a matsayin watan zin na duniya.

Ba Portland kaɗai ke da biki ba. Toronto ta fara Canzine a 1995, San Francisco ta fara nata a 2001, Chicago a 2010, Los Angeles a 2012. A Tokyo, Comiket ya fara a Disambar 1975 da ƙungiyoyi 32 da mahalarta kusan 700. A yau dubban ɗaruruwa ke cika shi, sau biyu a shekara.

Idan mutum ya shiga zauren, me zai gani?

Layukan tebura, sau da yawa mutum biyu na raba ɗaya. Kowa ya shimfiɗa zani, ya jera kayansa, ya rubuta farashi a guntun kwali. Ana ɗauka a duba, a ajiye, ba wanda zai ɓata rai. Marubucin yana zaune gabanka yana kallon fuskarka kana karanta shafinsa na farko, abin da ke sa wasu sabbin shiga zufa. A gefe akwai zaman bita kan ɗinki ko zane, da teburin da ake ajiye na kyauta.

Al'adar da ta fi ƙayatarwa ita ce musaya. Wanda ya zo da tasa zai tsaya gaban tebur ya tambaya ko ana musanye, ban gishiri in ba ka manda. Mai tebur na da ikon cewa a'a, musamman in tasa ta ci kuɗi wajen bugu, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin wulaƙanci. Masu shirya bikin 'yan sa-kai ne, kuɗin tebura ne ke taimakawa wajen biyan hayar zaure.

Yaya ake haɗa ta da hannu?

Mafi sauƙi ita ce ta falle ɗaya. Ka ɗauki takarda A4, ka ninke ta ta tsawo, ka buɗe. Ka ninke ta faɗi, ka sake ninkewa, ka buɗe: ka samu gida 8. Sai ka maida ta ninki biyu ta faɗi, ka sa almakashi daga bakin ninkin ka yanka layin tsakiya tsawon gida ɗaya kacal. Ka buɗe, ka ninke ta tsawo, ka tura gefe biyun su haɗu. Tsagar za ta buɗe baki, shafukan su faɗo wuri guda, ga ɗan littafi mai shafi 8 ba tare da gam ko zare ba. Abin lura shi ne gidaje huɗu na sama a juye ake rubuta su, in ba haka ba rabin littafin zai fito ƙafa a sama.

Wadda ta fi girma kuwa falle-falle ake ninkewa biyu a saka cikin juna, don haka dole yawan shafuka ya rabu da 4. A nan sabon shiga ke ruɗewa. A mai shafi 8, falle na farko yana ɗauke da shafi na 8 a hagu da na 1 a dama, bayansa na 2 da na 7. Falle na biyu na ɗauke da 6 da 3, bayansa 4 da 5. Shi ya sa ƙwararru ke fara ninke farar takarda su rubuta lambobi kafin su manna komai. Daga nan a yanka rubutu da hotuna a liƙa a kan uwar kwafi, a bar ɗan fili a gefe domin injin fotokofi ba ya kaiwa ƙarshen takarda. A ƙarshe a maƙale gadon bayan da sitefula mai dogon hannu, ko a huda rami uku a ɗinke da zare da allura, a ɗaure a tsakiya.

To me ke sa a ce wata ta yi fice a cikin ɗaruruwa?

A nan ra'ayi ya rabu. A 'yan shekarun nan injin Risograph na kamfanin Riso na Japan ya mamaye bukukuwan. Yana ƙona hoton shafi a kan wata siririyar takarda da ke naɗe jikin ganga, tawada ta riƙa ratsawa ta ƙananan ramuka. Kowace ganga launi ɗaya take ɗauka, don haka mai son launi uku sai takardarsa ta bi ta ganga uku. Launukan ba sa zama daidai kan juna, tawadar kuma takan ɗan goge a yatsa, masu sha'awa na ganin kyan ke nan. Ruwan hodarsa mai walƙiya daga nesa ake hango shi.

Ba na musun kyansa, amma kyan bango bai isa ba. Akwai masu fitowa da bugu mai ɗaukar ido, ka buɗe ka gama cikin minti biyu ba abin da ya zauna maka a rai. Wadda ta yi fice ita ce wadda in mai ita bai rubuta ba, babu wanda zai rubuta. Ma'aikaciyar jinya da ta bayyana yadda aikin dare yake, ko mai wanke kwanuka a gidan abinci da ya zana abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, suna da abin da babbar jarida ba za ta aiko wakili ya samo ba.

Bayan wannan sai dacewar siffa da magana. Labarin sirri ya fi zama a ƙaramar da za ta shige aljihu, taswirar unguwa kuma tana son falle mai buɗewa. Sai kuma karantuwa: rubutun hannu na da daɗi, amma in fotokofi ya cinye shi, an yi aikin banza. Inuwar gefen takardar da aka manna ko harafin tafireta da ya karkace ba aibi ba ne. Shafi na 5 ya rigayi na 4, wannan sakaci ne.

Ana samun kuɗi a ciki?

Da ƙyar. Ta fotokofi takan tashi dala 1 zuwa 5, ta Riso takan haura 10. In aka cire kuɗin takarda, tebur da mota, wanda ya maida uwar kuɗinsa ya gode Allah. Akwai masu rarrabawa da ke karɓar zin na mutane da yawa su sayar su cire kasonsu, su ma galibi sha'awa ce ke riƙe da su.

Ga intanet kyauta, me ya sa ake wahala da takarda?

Domin abin da aka sa a Facebook ko Instagram yana hannun kamfani: shi ke zaɓar wanda zai gani, yana iya saukewa, kuma kowa na iya ɗauke jimla ɗaya ya yaɗa ta ba tare da abin da ya gabace ta ba. Zin mai kwafi 50 tana zuwa hannun mutum 50 da suka nema, su karanta daga farko zuwa ƙarshe. Wannan ne ke ba marubuci ƙarfin halin faɗin abin da ba zai faɗa a dandali ba. Masu zin ba su ƙaurace wa intanet ba, a can suke sanar da biki da karɓar oda.

Wannan ba shi ne abin da marubutan Kano suka daɗe suna yi ba?

Akwai dangantaka ta gaske. Tun tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasan marubutan Hausa suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna biya daga aljihunsu. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu na cikin fitattun ƙungiyar Raina Kama, sunan da shi kansa martani ne ga masu raina aikin. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu. Kafin su ma akwai ƙasidun ajami da ake sayarwa a ƙofar masallaci, a kudu kuma akwai ƙananan littattafan kasuwar Onitsha.

Sun haɗu wajen ƙin jiran izinin kamfani. Sun rabu wajen manufa: littafin Kano sana'a ne, ana buga dubbai, a raba shi kashi na 1 da na 2 da na 3 don mai karatu ya dawo, ga diloli da masu ba da haya. Zin ba ta neman kasuwa, mai ita kan ninke kowane kwafi da hannunsa. A yau da yawa daga marubutan Hausa sun koma WhatsApp da Wattpad, alhali shagunan fotokofi na nan birjik a bakin kowace jami'a daga Zariya har Damagaram.

Bayan biki, ina waɗannan mujallu ke ƙarewa?

Mafi yawa a akwatunan takalmi a ɗakunan mutane. Wasu kuma ɗakunan karatu ke tattarawa. Kwalejin Barnard da ke New York ta fara tara zin na mata a 2003 ƙarƙashin Jenna Freedman, ɗakin karatu na gundumar Multnomah a Portland kuma yana ba da aronsu kamar sauran littattafai.

Wannan ya haifar da wata matsala. Yarinyar da ta rubuta sirrinta tana shekara 17 don mutum 40 ba ta yi zaton bayan shekara 20 mai ɗaukar aiki zai iya binciko sunanta a kundin jami'a ba. Shi ya sa a 2015 ma'aikatan ɗakunan karatu masu kula da zin suka fitar da ƙa'idojin aiki, waɗanda suka ƙarfafa neman yardar mai ita kafin a ɗora hotonta a intanet, da mutunta sunan da ya zaɓa ya sa a bango ko da na aro ne.